Yadda Shamsuddin Ya Wanke Mini Suna

Shamsuddin ɗan Habsa ya dawo daga Abijan a farkon shekarar 1998 da jaka guda, da baƙin tabarau, da sabon suna da ya raɗa wa kansa a hanya: Teknisiyan. Wata takwas ya yi a can. Waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi sun shaida cewa aikinsa riƙe tsani ne ga wani mai kafa parabol, wato faifan ƙarfen nan da ke kamo hoton tele daga sama, kuma an sallame shi ne ranar da ya saki tsanin don ya gaisa da wani ɗan garinmu. A bakinsa kuwa, rabin parabol ɗin Abijan shi ya kafa su, sauran rabin kuma shi ya gyara kuskuren Turawan da suka kafa.

Ni Habila, wanda ake kira Mushe Habila, kamar yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu, na karantar da shi. Shekara uku ya yi a aji huɗu. Ni kuwa shekara talatin da uku na yi ina koyarwa a lakkol, daga Keita zuwa Buza zuwa nan garinmu, ban taɓa komawa gida da guntun allin gwamnati a aljihu ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin sunan da nake da shi kafin Teknisiyan ya sa masa hannu.

Garinmu a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, tele mai eriya ba ta kawo komai sai yayyafi. Mai son kallon ƙwallo sai ya hau mota zuwa Madawa, ya biya dala sittin (sefa ɗari uku) zuwa, sittin dawowa, ashirin a ƙofar gidan kallo, sa'annan ya tsaya a bayan wani mai dogon wuya. Ga gasar kofin duniya ta ƙarato, ga Najeriya a ciki, wadda duk yankinmu na Adar ke bi kamar ƙungiyar unguwa. Parabol ɗaya ce a gefenmu, a gidan Madam Matta, babbar ungozomar asibitin mishan, wadda katanga guda ta raba gidana da nata. Ɗanta Albarka da ke aiki a Yamai ne ya kafa mata, shi ke biyan kuɗin kati kowane wata, kuɗin da zai ciyar da gida biyu.

Wata safiya ina zaune wurin mai shayi, Shamsuddin ya durƙusa a gabana da ladabin da ban san shi da shi ba.

"Mushe, ina da tambaya ta kimiyya. Hoton ga na tele, daga ina shi ke saukowa?"

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara uku yana ajina bai taɓa yin tambaya ba sai ta izinin fita. Na ce, "Daga tauraron ɗan'adam da ke can sama."

"Bisa kowa shi ke zuba?"

"Bisa kowa, kamar ruwan sama."

"Kun ji ko?" in ji shi, ya juya ga mutane. "Kamar ruwan sama! Mushe da bakinsa!" Ya biya mini kuɗin shayi ya tafi. Iyakar shawarar da na bayar ke nan, kuma ina da shaidu shida.

Bayan mako biyu sai ga allo a ƙofar mangazar kawunsa Tsoho, wato babban ɗakin da yake ajiye albasa, wadda ke ɗaya gefen gidana. An rubuta: Sinimar Teknisiyan, kofin duniya kai tsaye daga Faransa, dala goma kacal. A ƙasa kuma: Mai ba da shawara kan kimiyya, Mushe Habila. A kan rufin mangazar an kafa dogon itace, a kansa daron wanka da aka shafe da farar ƙasa, an ɗaura ludayin ƙarfe a tsakiyarsa.

Na ce, "Shamsuddin, wannan daro ne."

"Mushe, ilimi ya ci gaba tun da kuka bar lakkol."

"Ka goge sunana."

"Gobe da sahe, in sha Allahu. Amma kujerar gaba taku ce, mai hannu, kyauta, har ƙarshen gasa."

Na karɓi kujerar don in sa ido a kan abin da ake yi da sunana. Wannan ne kuskurena guda, kuma ga shi na rubuta shi da hannuna.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne wannan. Kafin damina Madam Matta ta ɗauki Shamsuddin ya yi mata yaɓen rufi. A can sama ya tarar da wayar da ke kai hoto daga falonta zuwa ƙaramar tele ta ɗakin baƙi. Ya fere ta, ya jona tasa, ya binne ta cikin yaɓe, ya biyo da ita ta kan katangata, wadda ya yaɓe mini kyauta a wannan makon har na sa masa albarka, ya zura ta cikin mangaza. Ma'ana, duk abin da aka kunna a falon Madam Matta, shi ne zai fito a telen mangaza. Na'urar canza tasha kuwa tana hannun mai gida. Wannan ɗan ƙaramin batu ne Teknisiyan bai ga ya kamata ya ɓata lokacinsa a kai ba.

Allah ya ba shi igiya mai tsawo. Albarka ya zo hutu, kuma mayen ƙwallo ne, saboda haka kwana uku na farko duk wasan da aka buga ya fito tar a mangaza. Na ga hoto da idona yana fitowa daga daron wanka, na fara tuhumar littattafan da na karanta. Kafin kowane wasa Shamsuddin kan hau rufi ya lasa yatsa ya ɗaga sama, ya juya daron kaɗan, ya sauko yana share gumi.

"Yau satalit ya yi nisa, amma na jawo shi."

A rana ta biyu ya gano Jima mahauci yana leƙe ta wata kafa a bangon baya. Ya hura masa garin barkono ta kafar, ya jawo shi gaban jama'a yana hawaye, ya yi masa wa'azi.

"Jima, ka ji tsoron Allah! Mutum ya sha wahala, ya kashe dukiya, ya kawo Faransa har gida, kai ka zo ka ɗiba da ido ba ka biya ba? Sata sata ce! Ido ma shina sata!"

"Mi na rage maka?" in ji Jima. "Hoton ya ƙare ne don na gani?"

"Haka ɓarayi ke cewa kullum."

Mutane suka tafa. Ni ma na gyaɗa kai, domin maganar daidai take, ko daga bakin wa ta fito.

Ranar Asabar, goma sha uku ga Yuni, Najeriya za ta kara da Spain da ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Da hantsin wannan rana Albarka ya hau mota ya koma Yamai. Shamsuddin da kansa ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya dawo yana fito.

Tun sha biyu mangaza ta cika. An zo daga Tama a amalanke, an zo daga Galma a ƙafa, wasu sun bar shuka a gona. Mutum ya fi ɗari, a zaune kan buhunan albasa, ƙofa a rufe saboda ɓarayin ido, zafi da warin albasa suna ta aikinsu. Tsoho na gefena da carbi. An jona tele da batirin mota. Shamsuddin ya tsaya a gaba ya gyara tabarau.

"Jama'a, yau za ku ga abin da ko gwamna bai gani da kyau kamarku ba."

Ya murɗa. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Sai ga mata kimanin arba'in cikin zane iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki, suna rangaji, suna waƙar yabon Ubangiji.

Kowa ya juya ya dubi Teknisiyan.

"Bikin buɗewa ne," in ji Shamsuddin. "Haka ake yi. Kowace ƙasa da al'adarta."

"An buɗe tun ranar Laraba," wani ya ce daga baya.

"Wanga na Najeriya ne, na musamman."

Wani dattijo daga Tama ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Kai, waccan mai ba da waƙa ba Balaraba mai waina ba ce? Yaushe ta tahi Faransa? Da sahen ga na sayi waina hannunta."

"Mutum da mutum suna kama."

"To ga madam ɗin Mushe a layi na biyu!"

Matata ce, Alheri, babu shakka, da ɗankwalin da na saya mata a Madawa. Kaset ɗin taron zumuntar mata ne na bara, wanda Madam Matta ke sakawa in tana shara. Kawuna ɗari suka juyo gare ni.

"Mushe, ashe da ku aka shirya har da iyali?"

Ba kowace tambaya ce ta cancanci amsa ba, musamman wadda mutum bai san amsarta ba.

A nan sai muka ji ihu daga bayan bango. Jima ne, zaune a gindin kafarsa da rediyo a kunne. Mutane suka ruga wajen kafar.

"Jima, mi ya faru? An ci? Wa ya ci?"

Ya rage muryar rediyon. "Ku tambayi Teknisiyan. Kunne ma shina sata."

Sai da Tsoho ya haɗa shi da Allah sannan Jima ya ce Spain ta ci ɗaya. Kafin a gama salati ya sake kurma ihu, ya yi rawa, ya ƙi faɗin komai har sai da aka miƙa masa goro ta kafa: Najeriya ta rama.

Shamsuddin ya haye rufi. Muna jin sa yana kokawa da daro, yana kiran sunayen taurari da Faransancin da ba ni na koya masa ba. Can sai matan suka ɓace. Aka yi kabbara. Ya leƙo ta saman ƙofa.

"Na ce muku! Digiri biyu ne suka goce!"

Sabon hoto ya fito: hannaye biyu ana wanke su da sabulu, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Talla ce," in ji shi da ya sauko. "Ta sabulu. Su ke biyan kuɗin wasan."

Aka gama wanke hannu, aka tafasa sabuwar reza a tukunya. Wata murya ta ce da Hausa garau, "Yanzu sai ungozoma ta duba ko kan ɗa ya sauko." Ashe kowace Asabar Madam Matta na tara ungozomomin ƙauye a falonta ta nuna musu kaset ɗin koyon karɓar haihuwa. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Ya isa in ce maza ɗari da suka haifi 'ya'ya sama da ɗari biyar a tsakaninsu sun ga yadda abin yake a karon farko, a kan dala goma.

Tsoho ya yi a'uziyya, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe telen. Hoto ya rufu, murya ba ta rufu ba. Wani ƙato daga Galma, wanda aka ce ya taɓa korar kura da sanda, ya zame daga kan buhu yana neman a ba shi ruwa. Dattijon Tama kuwa ya ɗaga gefen rigar ya leƙa, ya saki, ya ce, "Wallahi in na koma gida sai na roƙi tsohuwata gafara."

"Ka ba mu ƙwallo ko ka ba mu kuɗinmu!"

"Minti biyar!" in ji Shamsuddin. "Matsalar daga Faransa take. Zan je in yi musu magana."

Ya saɓi buhun albasa guda na kawunsa ya fice ta ƙofar baya. Ban taɓa jin an je Faransa da albasa ba, amma a ranar na riga na daina mamaki.

Abin da ya faru a gidan Madam Matta, Alheri ce ta ba ni labari, domin tana can tana raba wa baƙi kunu. Ya yi sallama ya dire buhu a gaban ungozomomi goma sha biyu.

"Iya, na ce bari in kawo miki 'yar albasa."

"Madalla. Mi ya faru? Habsa lahiya?"

"Lahiya lau. Iya, ke ba ki kallon ƙwallo? Yau Najeriya ke wasa. Likitoci sun ce kallon ƙwallo na rage hawan jini."

"Wane likita? Duk na san su."

"Na Abijan. Ki ɗan sa ko rabin awa, iyayen ga su huta. Kaset ɗin ga ai ba gudu za shi yi ba. An riga an wuce wurin reza, ɗan ma ya hito, namiji ne, sauran duk wanka ne."

Madam Matta ta aje kofinta. Telen falon tana fuskantar ciki, shi kuwa yana tsaye a waje bakin ƙofa.

"Shamsuddin, ni na yanke maka cibiya. Wa ya gaya maka namiji ne?"

"Hasashe ne, Iya. Yawanci maza ake haihuwa."

Ta ɗauki na'urar canza tasha ta danna. A mangaza, Tsoho ya ji muryar mai sharhi a ƙarƙashin rigarsa, ya fizge ta, sai ga fili, ga 'yan wasa. Maza ɗari suka kwatsa ihun da ya tashi tantabarun unguwa. Madam Matta ta karkata kai tana saurare. Ta danna ta mayar da kaset. Daga bayan katanga biyu aka ji "Wayyooo!" Ta danna: ihu. Ta mayar: "Wayyooo!" Alheri ta ce sau biyar ta yi haka, tana kallon Shamsuddin, ungozomomi na riƙe da ciki don dariya, har wata ta roƙa a ba ta ita ma ta gwada.

Jimillar ƙwallon da muka gani a ranar, bisa agogona, daƙiƙa arba'in ne: jifa ɗaya daga gefen fili, da wani Bature yana ɗaure igiyar takalmi. A ɗaya daga cikin duhun da ke tsakani Najeriya ta rama ci na biyu da Spain ta ƙara mata. Jima ne ya sanar, bayan goro na uku.

Madam Matta ta sa aka kafa tsani ta hau da kanta, mace mai shekara sittin. Ta tono wayar ta fara ja tana naɗewa a hannu kamar mai zare. Yaɓen rufinta ya ɓanɓare. Yaɓen katangata, wanda na sa wa albarka, ya zubo gaba ɗaya a kan tumatirin Alheri. Ta bi waya, ungozomomi sha biyu na bin ta, Shamsuddin na bin su yana cewa a tsaya a fahimci juna, har ƙofar mangaza. Ta tura ƙofa. Haske ya shigo, ya sauka a kan mutum na farko: ni, a kujerar gaba, mai hannu.

"Mushe," ta ce. "Har da kai?"

Shekara ashirin muna zama a majami'a ɗaya. Ni ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Na miƙe don in yi bayani, Shamsuddin ya riga ni.

"Iya, tsaya mu yi maganar hankali. Mi na rage miki? Hotonki na nan cif. In na ɗebi wuta a murhunki, taki ta mutu?"

"Ai ni ma haka na ce!" in ji Jima ta kafa. "Aka ba ni barkono!"

"Mai ɗibar wuta sallama yake yi, ya shigo ta ƙofa," in ji Madam Matta. "Kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗebi wutar maƙwabta ya kafa tebur yana saida ta dala goma ba. Ɗana ke hana kansa nama a Yamai don ya biya katin ga."

"To ai masu katin su ne manyan ɓarayi! Talaka ba shi da hakkin ganin ƙwallo? Sai mai ɗa a Yamai?"

Wasu suka ce haka ne. Madam Matta ta dube su. "Da kun zo kun roƙa, da na hito da tele tsakar gida kowa ya gani kyauta. Wa ya tambaye ni?"

Babu wanda ya tambaye ta. Mutane suka fara lissafin dala gomansu suna kallon Shamsuddin da wani irin ido. Da ya ga haka sai ya nuna ni da hannu biyu.

"Ni jahili ne, aji huɗu na tsaya, kowa ya sani. Mushe ne ya ce abin ga ruwan sama ne, na kowa ne. Ga sunansa a allo. Ta katangarsa waya ta bi. Ni ɗan aike ne kawai!"

Na ce, "Jama'a, ku ba ni dama. Maganar tana da sassa uku. Na farko..."

A daidai nan Jima ya yi wata kururuwa, ya jefar da rediyo sama. Najeriya ta ci na uku. Wannan karon bai nemi goro ba. Mangaza ta fashe. Aka yi waje ana tsalle, aka ture kujerata da ni a ciki, buhuna suka ɓarke, albasa ta gangara har bakin kwalta, Tsoho na bin ta ba riga. Ƙaton Galma ya hau rufi ya sauko da daron ya kifa wa Shamsuddin a ka, aka kewaye shi ana kaɗawa. Sashe na biyu da na uku na bayanina har yau ba wanda ya ji su.

Washegari Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan "Kada ka yi sata." Minti arba'in yana magana, ya dubi kowane lungu na majami'a ban da inda nake zaune. Da a ce ya dube ni ma da ya fi sauƙi. Aka ba wani ya karanta sanarwa, wai don in huta.

Da la'asar na kai ƙara gaban mai gari, a rubuce, kwafi biyu. Hukunci ya yi kyau: Shamsuddin ya mayar wa kowa dala gomansa, ya sake yaɓen rufi da katanga a gaban shaidu, ya tsince albasar kawunsa. Madam Matta, wadda na riga na yi wa cikakken bayani ta katangar da ta rushe, ta ce daga yau za ta riƙa fito da tele tsakar gida, mai son ƙwallo ya zo ya kalla kyauta, in ya yarda ya fara kallon rabin awa na kaset ɗin ungozoma. Game da ni, mai gari ya ce Shamsuddin ya fito bainar jama'a ya wanke sunana.

Na so in rubuta masa kalmomin da zai faɗa. Ya dafa ƙirji.

"Mushe, kada ku wahal da alƙalaminku. Ni na ɓata, ni zan gyara. Wankin da zan yi muku, ba a taɓa yi wa wani malami irinsa ba a ƙasar Adar."

A wannan karon kaɗai ya cika alkawari. Ni na zaci zai tsaya ƙofar mangaza ya yi magana biyu a gaban waɗanda abin ya faru a idonsu. Sai ya ari lasifikar mai tallan magani, ya ɗaura a keke, ya bi kasuwanni. Ya ci kasuwar Tama, ya ci ta Galma, ya hau har Allakaye, inda ko labarin wasan bai gama isa ba. Wani tsohon ɗalibina ya rubuto mini abin da ya ji, kalma da kalma:

"Jama'a ku saurara! Mushe Habila, wanda ya koyar a Keita da Buza, dogo mai tabarau, mijin Alheri, mai gida kusa da asibitin mishan, ba shi ne ya saci ƙwallon ungozoma ba! Waya ta bi ta katangarsa ne kawai! Kujerar gaba ma da aka kama shi a kai, kyauta aka ba shi! Duk wanda ya ce masa ɓarawo, ko ɓarawon tele, ko Mushe Parabol, bai kyauta ba!"

Kafin wannan shela babu mahalukin da ya taɓa kirana Mushe Parabol. Yanzu 'yan kamasho a tashar Madawa da shi suke gaishe ni. Wasiƙu huɗu na samu daga tsofaffin abokan aiki, uku na jaje, ɗaya na tambayar ko gaskiya ne an ɗaure ni. Shekaranjiya wani bawan Allah ya zo takanas daga Allakaye da naɗin waya da zakara, ya ja ni gefe ya ce maƙwabcinsa ɗan kasuwa ya kafa parabol, kuma ya ji an ce ni ne gwanin da ba a iya kamawa.

Saboda haka jiya na sake komawa gaban mai gari, kwafi uku. Ban nemi diyya ba, ban nemi a ɗaure kowa ba. Buƙatata ɗaya ce, kuma ina maimaita ta a nan don duk mai iko da ya karanta: a hana Shamsuddin ɗan Habsa wanke mini suna, da baki ko da lasifika, a kasuwa ko a gida, har iyakar rayuwarsa. Mai gari ya ce zai duba. Yana faɗa yana goge ido da hannun riga, wai tari ne.

Yau da hantsi Shamsuddin ya yi sallama a ƙofata, ya cire tabarau, ya durƙusa.

"Mushe, na ji ba ku gamsu ba, kuma kuna da gaskiya. Kasuwa ƙaramin wuri ce, ba ta kai darajarku ba. Shi ya sa tun jiya na tahi Tawa na kai sanarwa gidan rediyo. Sau uku a rana, kwana bakwai, da Hausa da Buzanci da Hillanci. Ba sai kun gode mini ba."

Da ƙarfe ɗaya za a fara. Saura minti goma, kuma ina jin Alheri a ɗaki tana sa wa rediyo sababbin batura.